Zuwa Ga Bawana Bakano Mai Koyon Turancin Hira

Alhaji, ina kasuwa? Da gangan na fara da ita, don in aka tambayi Bakano kasuwa da iyali a numfashi ɗaya, ta kasuwa yake amsawa dalla-dalla, ta iyali kuwa sai ya ce suna nan dai yadda ya baro su da asuba.

Labari ya iso mana Zazzau cewa ka ɗauki malami, yana zuwa shagonka a Kwari bayan La'asar yana ɗora maka Turanci. Da farko ban yarda ba, don ban hango ribar da za ta sa ka zaro kuɗi ka biya ba. Turancin ciniki ai ka daɗe da shi. Da "how much", da "last price", da kalkuleta a tafin hannu ka ci kasuwar Dubai da ta ƙasar Sin shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin an ce wani ya cuce ka ba. Sai daga baya yaron shagonka, Allah ya yi masa albarka, ya warware mana zare da abawa. Ashe an gama lodin kwantena ne, masu masaƙa suka kai ku cin abincin dare, aka zaunar da kai kusa da wani ɗan Ingila. Mutumin ya juyo da fara'a ya ce maka, "What do you do in your free time?" Ka ce masa, "Textile." Ya yi murmushi ya sake tambaya a hankali, ka gyara zaman hula ka ce, "Textile, wholesale." Daga nan ya koma hira da na hannun hagunsa har aka tashi.

Ba laifin kunnenka ba ne duka. Rabin farko na tambayar ka kama, kuma da a nan ya tsaya da ka ci, don "What do you do?" sana'ar mutum ake tambaya. Jelar da ya ƙara ce ta sauya zance: me kake yi in ka sami sarari, abin da kake yi don ranka ya yi fari ba don a biya ka ba? Kalmomin ba su da wuya. Abin da ya gagare ka shi ne ka yarda akwai baligi mai hankali da zai ɓata yini guda a kan abin da ba ya kawo sisi.

Abin da ban mamaki, don ba yau kuka fara ganin Bature ba. Tun 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, nan bayan ganuwarku. Jirgin ƙasa ya iso muku a 1911, bayan ya tsaya a Zariya ya gaishe da manya. Jiragen sama kuwa tun 1925 suka fara sauka a Kano. Duk wannan cuɗanya, abin da kuka tsinta a wurin Bature shi ne sikeli da buhun gyaɗa. Mu kuwa da Kwalejin Barewa ta tare a wurinmu a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1962, sai muka riƙe alƙalami muka bar muku awo. Na san abin da za ka mayar mini, don shi kaɗai ne makaminku: wai Bazazzagi bai san mace da namiji a magana ba, cewa yake yi rigana ya yage. To ka tambayi malaminka ko Turanci ya san jinsin riga. Bai sani ba. Riga da wando da mota duk kuɗin goro yake yi musu. Mu tun kafin Bature ya zo muka sauke wannan darasi.

An ce malamin ya ba ka hadda: "My hobbies are reading and travelling." Ka ce ya mayar maka da kuɗin ranar. Wannan jimla ita ce a ƙasan takardar neman aikin kowane ɗan Nijeriya, daga mai neman gadi har mai neman darakta, kuma don takarda aka ƙera ta, ba don baki ba. Sannan akwai tarko a cikinta. Kana rufe baki za a ce maka, "What are you reading at the moment?" Me za ka ce? Ban da Alƙur'anin da kake karantawa da asuba, wanda ibada ce ba shagala ba, littafi ɗaya na san kana buɗewa kullum, na masu cin bashi, kuma ko shi ba ka son a leƙa. Kana zaune a garin da marubuta, da yawansu mata, suka cika kasuwa da littattafan Hausa tun shekarun 1980, har aka raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, amma ko bangon ɗaya ba ka taɓa ɗagawa ba, sai dai ka tambayi yadda ake sarin dozin. Tafiya kuma, daga filin jirgi zuwa masauki, daga masauki zuwa kasuwar Deira, daga nan zuwa wurin masu awon kaya, sunanta fatauci. Burj Khalifa mita 828 ne tsawonsa, mutane na biyan kuɗi su hau su kalli gari. Kai da ka hango shi ta tagar tasi, lissafin hayar shagunan ƙasa ka shiga yi.

Abin haushin shi ne kana da abin faɗa, kunya ce ta sa kake ɓoyewa. Wa ke hawa saman soro kullum kafin ya fita kasuwa, da kwanon gero a hannu? Wa ya hana unguwa barci daren da muzurun maƙwabta ya shiga ɗakin tantabaru? Wa ya san kowacce da mijinta, ya san mai kwanci da wadda ta ƙyanƙyashe, alhali sai ya yi dogon tunani kafin ya faɗi ajin da autansa yake? Ka ɗauka kiwon tantabara wasan yara ne, bai dace da mai zuwa Umara duk azumi ba. To kalma uku kawai kake buƙata: "I keep pigeons." In ka faɗi haka ka yi shiru, na teburin ne za su ƙarasa maka aikin, don tambayoyi za su yi ta zuwa: guda nawa ne, tun yaushe, suna dawowa gida da kansu? Sai dai ka yi wa Allah ka kula da harafin farko na kalmar ƙarshen. Musayar "p" da "f" ciwon Hausawa ne baki ɗaya, amma a Kano ya gina gida ya yi katanga. Maganinsa ba tsada, shi ya sa na san za ka sha. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. Wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe da iska har takardar ta motsa. Wajen "f" haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. Ka yi ta yi a bayan kanta in babu masu saye, yaran shago su sami abin dariyar da ba su biya ba.

Kada kuma ka zaci za a raina ka. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu har ta rasu a 2022 tana da ɗakin tantabarun tsere a gidanta na Sandringham, gadon da ta tarar daga kakanni. A Beljiyam tseren tantabara tsohuwar al'ada ce: a kai su ɗaruruwan kilomita a sake, a ga wadda za ta riga isa gida. Mike Tyson, wanda ya yi ta kifar da ƙarti a fagen dambe, tun yana yaro yake kiwonsu, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Akwai wani labarin da na yi ta shawara da zuciyata ko in gaya maka, don na san inda zai ƙare. A watan Nuwamban 2020 an yi gwanjon wata tantabara 'yar Beljiyam mai suna New Kim, wani attajiri ɗan ƙasar Sin ya saye ta Yuro miliyan 1.6. Tantabara ɗaya tak. Ga shi nan, daga nan ina hango ka, har ka jawo kalkuleta kana juya kuɗin zuwa Naira. Ajiye. Ranar da ka fara kallon tantabarunka da idon sari, sun tashi daga abin sha'awa sun koma haja, sai mu sake fita nemo maka abin da za ka faɗa a teburi.

Bari in rage wa malaminka aiki, kyauta, don mu Zage-zagi ba ma auna ilimi da mudu. Fi'ili uku ne ke ɗauke da yawancin zancen nan. Wasan ƙwallo da duk wanda ake yi da abokin karawa, "play" ne: "I play football", "I play draughts". Abin da ake fita a je a yi, "go" ne, a liƙa wa aikin jelar "ing": "I go swimming", "I go fishing", "I go riding". Su kareti da motsa jiki "do" suke ɗauka. In ka ce "enjoy", aikin da zai biyo baya ma da jelar yake zuwa: "I enjoy watching football". Ka kuma rabu da "I use to go" ɗin nan da 'yan Nijeriya suka mayar ta abin yau da kullum. A kunnen Bature "used to" abin da aka daina ne. In ka ce "I used to keep pigeons" jaje zai yi maka, ya zaci annoba ta share su. Abin da kake yi har yanzu, "I usually" ake sa masa, ko a bar fi'ilin tsurarsa. Saura ɗaya, wadda nake roƙon ka kada ka gyara. In zama ya gundure ka, "I am bored" ake cewa. "I am boring" kuwa kai ne mai gundurar mutane. An ce ta biyun ka faɗa kafin a tashi daga cin abincin nan. Karo na farko ke nan a tarihi da Bakano ya faɗi aibin hajarsa da bakinsa.

Amma nahawu ba shi ne ciwonka ba. Hirar abin sha'awa lugude ce, taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi. In mutum ɗaya ya kankane turmin, daka yake yi kawai. Ka faɗi naka jimla biyu ko uku, sai ka miƙa: "What about you?" In ya faɗi nasa, ka bi shi da "How did you get into it?", wato yaya aka yi ka fara, ko "How long have you been doing it?" Waɗannan biyun kaɗai sun isa su riƙe Bature rabin sa'a yana zuba, kai kana cin abincinka, a tashi kuma ya ce bai taɓa haɗuwa da gwanin hira irinka ba. Tambayar da ke kan harshenka kuwa, wadda aka haife ka da ita, haɗiye ta. In mutum ya nuna maka hoton kekensa na tsere ko sandar kamun kifinsa, ba a tambayar sa nawa ya saya. A wurinsu tambayar kuɗin kayan mutum, da albashinsa, da shekarun mace, shiga sharo ba shanu ne. A Kano kuwa ko jariri aka miƙo maka ran suna, sai ka murza zanen goyon da yatsa ka ji ko Holan ne.

Ka kuma shirya fuskarka, don za ka ji abin da zai sa ka yi salati. Akwai wanda zai ce maka kallon tsuntsaye yake yi. Ya tashi da duku-duku cikin sanyin da ke fasa leɓe, ya shiga fadama da madubin hangen nesa, ya ga tsuntsu, ya rubuta sunansa a ɗan littafi, ya dawo gida. Bai harba ba, bai ɗana tarko ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne: ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1889, mambobinta sun haura miliyan. In ka haɗu da irinsa kana da abin ba shi, don da yawa daga tsuntsayen da ke gudun hunturun Turai a dausayin Haɗeja da Nguru suke sauka, nan gabas da ku. Faɗa masa haka kawai, ka ga yadda zai jawo kujera kusa da kai. Akwai mai kamun kifin da zai wuni a bakin tafki, ya kamo ƙaton kifi, ya auna shi, ya ɗauki hoto da shi, sannan ya mayar da shi ruwa. Na san a nan gabanka zai faɗi. Kada ka tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. "That sounds relaxing" za ka ce, ka kurɓi ruwa. Ga masu tara kan sarki na wasiƙa, ga masu lambun da ba sa shuka abin miya sai fure, har da bikin baje kolin furanni da suke yi duk watan Mayu a unguwar Chelsea ta birnin Landan. Unguwar nake nufi, ba ƙungiyar da ke sa yaranka ƙin cin tuwon dare ba.

Sai kirarin garinku. Kun taso ana gaya muku ko da me mutum ya zo an fi shi, kun kuma ɗauki abin da gaske. A teburin hira wannan guba ce. Ɗan Ingila in ya shekara talatin yana abu, ya tara kofuna a ɗaki, cewa zai yi "I play a bit", ko "I'm not very good, but I enjoy it". Ba ƙarya yake yi ba, ladabinsu ke nan, kuma yana sa ran ka mayar masa da irinsa. In ya ce yana da doki ɗaya da yake hawa ran Asabar, kada ka tare shi da cewa a Kano ran hawan Daushe ba a ganin ƙasa don dawaki. Gaskiya ne, har hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, da alama motarsu ba ta biyo ta Zariya ba. Amma ka bari ya tambaya tukuna. Ka fara tambayar sa sunan dokin, da shekarunsa, da abin da yake ba shi. In ya gaji da nasa ya ce kai fa, sannan ka buɗe waya ka nuna masa 'yan lifida da 'yan sulke, ka yi shiru, hoton ya yi maka kurarin.

Yanzu mu zo inda na tabbata za ka faɗi jarrabawa, wato musayar dabaru. Rabin daɗin hirar masu sha'awa ɗaya shi ne kowa ya buɗe cikinsa. Mai lambu ya gaya wa mai lambu abin da yake yi wa tsutsa, mai kamun kifi ya faɗi abin da yake soka wa ƙugiya, mai keke ya faɗi yadda yake hawa tudu ba tare da numfashinsa ya ƙare ba. Duk kyauta. Kai kuwa ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya ya shekara da shekaru yana tambayar ka wace masaƙa ke yi maka shadda, kullum amsarka ita ce Allah ne ke kawowa. Ban ce ka tona asirin kasuwa ba, na san a kan wannan gara a cire maka haƙori. Amma yadda kake raba tantabaru da ƙuma ba asirin kasuwa ba ne, kuma ba wanda zai buɗe shago kusa da naka da shi.

Ga yadda ake miƙa shawarar. Da Hausa in na ce maka ka riƙa sauya musu ruwa kullum, ba wanda zai ji na yi maka tsawa, maganar 'yan'uwa ce. In ka ɗauke ta tsirara ka kai Turanci ka ce "Change the water", ko mafi muni "You must change the water", umarni ka bayar, kuma mutumin ba yaron shagonka ba ne. Su sai sun lulluɓe shawara kafin su miƙa. Su mayar da ita tambaya: "Have you tried changing the water every day?" Ko su ce "You could try", ko "If I were you". Wadda na fi so, don ta fi dacewa da wanda ya san abu amma ba ya son a ce yana nuna isa, ita ce "What works for me is", wato ni dai abin da ke yi mini shi ne kaza. Ka ga ba ka ce nasa ba daidai ba ne, ba ka kuma ɗauki alhakin tantabarunsa in sun mutu ba. Ai ɗan kasuwa ya kamata ya so jimlar da ba ta da garanti.

Kana kuwa da abin bayarwa, wannan ko ni ba zan hana ka ba. Ka san tantabara ƙwai biyu take yi, ita da mijin suna karɓa-karɓar kwanci har kwana 18 ko kusa da haka, su biyun kuma ke ɗura wa 'ya'yan. Ka san suna buƙatar ƙananan tsakuwa da za su haɗiya don ƙundu ya niƙa hatsi. Ka san sabuwar tantabara ba a sakin ta ranar da aka kawo ta, sai an kulle ta ta saba da ɗaki, in ba haka ba gidan tsohon ubangijinta za ta koma. Ban ce ka taɓa cin wannan ribar ba. Na dai lura akwai wata fara mai baƙin wuya da ka sayar fiye da sau ɗaya kuma har yau tana saman soronka. Duk wannan da ƙananan kalmomi ake faɗar sa: "two eggs", "about eighteen days", "keep her inside first". Ba a buƙatar Turancin farfesa. Ka tuna ma yawancin waɗanda za ka zauna da su, ɗan Sin da ɗan Turkiyya da Balarabe, su ma aron harshen suka yi, kuma masu Turancin aro a duniya sun fi masu shi yawa nesa ba kusa ba. Ba wanda ya zo teburin da jan biro.

Karɓar shawara ta fi bayarwa wuya a wurinka, don sai mutum ya yarda akwai abin da bai sani ba. "Do you have any tips?" ake cewa, ko "Any advice for a beginner?" Ina so in ga ranar da Bakano zai kira kansa ɗan koyo a gaban jama'a, ranar zan yanka rago. In an ba ka shawarar kuma, ko ka san ta tun kana yaye, ba a cewa "I know". Cewa ake yi "That's a good idea, I'll give it a try". Gwadawa kuma tsakaninka da Allah.

In zancen tantabara ya ƙare ba a tashi ba, ga dara. Ka zana gurbi 30 a bayan takardar goge hannu, layi biyar gurbi shida-shida, ka ba abokin hirarka marafan kwalba 12, kai ka ɗauki tsinken sakace 12, ka ce masa "You need three in a row", duk wanda ya jera uku ya cire ɗaya na abokin karawa. Baƙo ba abin da yake so irin a koya masa wasan da zai je gida ya yi taƙama da shi. Ka dai bar shi ya ci ko sau ɗaya ne, kada ka nuna masa halin majalisar ƙofar gidanku. Ƙwallo kuwa ita ce ƙofar da ba ta da sakata. "Who do you support?" za a tambaye ka. In ka ce Kano Pillars ya ce bai san ta ba, kada ka tashi tsaye kana sai masu gida. Ka gaya masa a hankali cewa ta ɗauki kofin gasar Nijeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a nan Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai har ya kai Leicester a 2016. Da jin Leicester zai kama zaren. Zancen faɗawarku rukuni na biyu a 2022 kuwa, ba sai ka kawo shi ba, ni zan riƙe maka shi amana, sai dai in an tambaye ni.

Na san za ka ce to ni Bazazzagi mai dogon Turanci mene ne nawa abin sha'awar. Ba ni da kunyar faɗa a kowane teburi: "I enjoy teasing Kano people." Ba a biya na, ba na gajiya, kuma kayan aikin ba sa yankewa.

Watan Cika-ciki na tafe, kuɗin shararka na ware su kamar yadda ubangida ke yi wa bawansa, amma bana akwai sharaɗi. Ka hau mota ka zo Zariya, a shimfiɗa maka tabarma a zaure, a kawo fate. Ka yi mini minti biyar da Turanci a kan tantabarunka, ka tambaye ni abin da ni nake yi, ka kuma ba ni dabara ɗaya kyauta. In ka ambaci farashin ko da ƙwai ɗaya ne, kuɗin sun koma aljihuna. Ka taho mana da gurasa mai ƙuli, kuma kada ka turo yaro da takardar lissafi.